Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, Marayan Da Sunansa Ya Zame Masa Jari

 

 A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in kawo mana tarihin wani bawan Allah daga cikin magabatan 'yan kasuwa, tunda dai saye da sayarwa shi ne abin da yawancinmu muka tashi a ciki, kuma da shi muke ciyar da iyali.

Abin da ya tayar mini da wannan tunani kuwa ba wani abu ne mai nisa ba. Kullum ina zaune a shago, uwar gida za ta aiko yaro ya sayo mata Omo, alhali kowane irin garin sabulu take nufi. Wata ta aiko a ba ta Maggi, ko da kuwa ɗanɗanon na wani kamfani ne daban. Kun ga ke nan sunan kamfani ya cinye sunan kayan. Mai wannan suna yana can kwance a ɗakinsa, sunansa yana ta yi masa ciniki a Wunti da Muda Lawal da kowane lungu na garin Bauchi. To, yaya mutum yake gina suna har ya kai haka? Mu Hausawa muna da namu misalin, ba sai mun je ƙasar Turawa aro ba, shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano.

Asalinsa da haihuwarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, wato wasu mutane da suka shahara da fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, can arewacin ƙasar Gana ta yanzu. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, ya gaji fatauci, daga baya ya bar Madobi ya koma Bebeji, domin Bebeji a lokacin babban zango ne a kan hanyar ayari. Kun ji dai, su ma zuwa suka yi suka zauna kamar yadda iyayenmu suka zo nan. Baƙo kuwa ba shi da gonar gado, ba shi da sarauta, abin da kawai yake taƙama da shi shi ne yadda mutanen gari suka shaide shi.

Alhassan bai wuce shekara takwas ba mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, sai ta yi ƙaura zuwa Ankara, wato babban birnin Gana na yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga nan ne mutane suka riƙa kiran yaron Ɗan Tata. Ku duba ikon Allah: sunan da yau ake rubutawa a jikin manyan motoci da ƙofofin kamfanoni, asalinsa sunan wata baiwar Allah ce da ba ta mallaki komai ba sai amanar rainon maraya.

Gadon da ya samu na mahaifinsa bai yi wani auki ba. Ya shiga makarantar allo a Bebeji, yana karatu yana 'yan aikace-aikace don ya sami abin sakawa a bakin salati. Ana ba da labarin cewa Tata ce ta koya masa tanadi, duk abin da ya samu sai ya ci kaɗan ya jefa saura a asusu. Wannan hali ya bi shi har tsufa, domin ko bayan da ya yi arziki ba a san shi da almubazzaranci ba.

Tafiyarsa ta farko

Yana da kimanin shekara goma sha biyar ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba, sai da ya sayi 'yan kaya a Bebeji da abin da ya tara, ya sayar da wasu a hanya, sauran a Ankara. Da ya isa, wataƙila ya zaci hutu ya samu, tunda uwarsa mai kuɗi ce. Ina! Bayan ya huta gajiya sai ta kai shi wurin wani malami ta ce ya zauna can, ya yi karatu ya kuma nemi na kansa har lokacin komawa gida. Mai kallo zai ce rashin tausayi ne, amma wanda ya san rayuwa ya san gata ta yi masa. A can ya ga bakin teku, ya ga jiragen ruwa suna sauke kaya suna ɗauka, ya ga yadda ake ciniki da Turawa tun kafin su ci ƙasar Hausa.

Bayan ya komo gida sai ga wata jarrabawar. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, aka shiga yaƙin Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa har zuwa 1895. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, shi kuwa aka ci shi da yaƙi, Alu ya hau gadon sarauta. Cikin waɗanda aka kama har da Alhassan da 'yan uwansa biyu, Bala da Sidi. Sai da suka fanshi kansu sannan suka sami 'yanci. Wanda ya ga maraici, ya ga bauta, ya kuma tashi ya kakkaɓe rigarsa ya koma kasuwa, ai faɗuwar ciniki ba za ta firgita shi ba.

Goro da hanyar ruwa

Sai mu ɗan tsaya a kan cinikin goro, domin a nan ne ya koyi darajar suna. Goro kaya ne mai wuyar sha'ani. Ana ɗaure shi cikin huhu da ɗanyen ganye, a riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya fara lalacewa, in ba haka ba guda ɗaya ya ɓata saura. Mai saye a Kano ba zai iya zazzage huhu duka ya duba ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da yake tambaya shi ne, goron wa ne? In an ambaci falken da aka san ba ya sa marsa a sama ya ɓoye minu a ƙasa, sai a biya ba tare da dogon ciniki ba. In kuwa an ambaci wanda aka taɓa kamawa da algus, to ko kayansa na da kyau sai an karya masa farashi. Tun a wancan zamani ma kaya na da sunaye da ake nema: goron Gwanja daban, ɗan Laboji na ƙasar Nufe daban, kamar yadda Buzaye ke neman baƙin rinin garin Kura da sunansa.

Tafiyar Gwanja da ƙafa da jakuna kuwa takan ci wata shida har shekara, zuwa da dawowa, ga kuɗin fito a bakin kogi, ga na sarakunan hanya, ga 'yan fashi. Turawa sun ci Kano a 1903, a wannan shekara kuma hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Kumasi da tashar jiragen ruwa ta Sekondi. Wajen 1906 Alhassan ya fara bin sabuwar hanya: ya sayi goro a ƙasar Asante, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a yo arewa da shi. Yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Amfanin abin a fili yake. Goronsa yana isowa da ɗanyensa, asara ta ragu, kuma kuɗin da wani zai juya sau ɗaya a shekara shi sai ya juya su sau da yawa. Tsofaffin madugai da suka tsaya a kan hanyar kakanni, sannu a hankali kasuwa ta bar su a baya.

Bai tsaya a goro kaɗai ba. Yana kawo duwatsun wuya da murjani da yadudduka na Turawa. Da ya dawo birnin Kano da zama, ya kafa gida a Sarari, wajen unguwar Koki. Matarsa Umma Zariya ita ke yi masa ciniki da matan kulle, waɗanda namiji ba shi da hanyar isa gare su. Wannan ma darasi ne. Rabin masu sayen kaya suna cikin gida, kuma su ne masu yanke hukuncin abin da za a saya. In mace ɗaya ta yaba kaya a gidan biki, kafin sati ya zagayo unguwa duka ta ji.

Zamanin gyaɗa

Jirgin ƙasa daga Ikko ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su samu don masaƙunsu na Ingila, amma manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in fari ya zo ana iya cinta. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000.

To, kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli da kanti a bakin tasha, amma ba su san ƙauye ba, manomi kuma bai san su ba. Dole sai da ɗan gari wanda ɓangarorin biyu suka amince da shi. Manyan da suka riga shi shiga harkar su ne irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. A 1918 kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Ko da yake ya zo a makare, zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a cikin 'yan kasuwar Kano.

Yaya aka yi haka cikin shekara huɗu? Ga yadda abin yake tafiya. Kamfani zai ba shi kuɗi tun kafin kaka, ba tare da jingina ba sai sunansa. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, waɗanda yawancinsu tun zamanin goro suke tare da shi, su bazu cikin ƙauyuka da kasuwannin ƙasar Kano da maƙwabtanta. Su kuma su ba manomi abin da zai yi hidimar damina ko ya biya haraji, a kan in gyaɗa ta nuna zai kawo musu. Kun ga sarƙa ce tun daga Bature har zuwa manomi, kuma babu abin da ya riƙe ta sai amana. In yaro ɗaya ya tauye ma'auni, ba sunan yaron za a kira a ƙauye ba, cewa za a yi mutanen Ɗantata sun yi cuta. Saboda haka ya kasance mai tsanani wajen lissafi da bin diddigin yaransa, mai kuma ɗaga wanda ya riƙe amana har shi ma ya zama mai jarin kansa. Manomi ya san in ya kai kaya za a auna daidai a biya shi nan take, Bature ya san in an yi alkawarin tan kaza a wata kaza zai gan su. Da haka kowace kaka take ƙara wa sunan nauyi.

A 1929 ya yi abin da har yau ake labari. Ya kai ajiyar kuɗin azurfa, kayan raƙumi 20, bankin Turawa da ke Kano, wanda shi ne ya zama First Bank na yanzu. A lokacin yawancin attajirai a tukunya suke binne kuɗi ko a ɗaki na musamman. Jama'ar Kano sun ga raƙuman da idonsu, kamfanoni ma sun ji. Ban san wata talla da ta kai wannan ba, domin daga ranar babu mai sake tambayar ko Ɗantata zai iya biya. A wannan shekara ce kuma aka haɗa kamfanin Neja da wani aka kafa UAC, shi kuwa ya zama babban mai saya musu amfanin gona a Arewa. Shi ake danganta wa fara jera buhunan gyaɗa ana yin dala, inda dala guda kan ɗauki buhu har 15,000 kafin jirgi ya kwashe. Dalar gyaɗa ta zama alamar Kano da ma Arewa baki ɗaya.

Duk da wannan dukiya bai bar ibada ba. Ya sauke farali a shekarun 1920, ta jirgin ruwa, ya kuma biya wa mutane da dama kuɗin aikin Hajji. Gidansa a buɗe yake ga malamai da almajirai da mabukata. A shekarunsa na ƙarshe, bayan gwamnati ta kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, ya sami lasin saye kai tsaye da sunan kansa, ba a ƙarƙashin wani kamfanin Turawa ba.

Abin da bai samu yi ba

Gaskiya ɗaya ce, kuma tarihi ba ya cika sai an faɗe ta. Sunan Ɗantata ya yi ƙarfi tsakanin manoma da fatake da kamfanoni, amma gyaɗar da ya tara ta bar ƙasar nan a buhu ba tare da sunan kowa a jikinta ba. A 1920 kamfanin Lever Brothers na Ingila ya saye kamfanin Neja. Mai wannan kamfani, William Lever, ɗan mai shagon kayan masarufi ne, wanda tun wajen 1885 ya ga ana yanka sabulu daga sanda ana aunawa kamar yadda muke yanka sabulun wanki, sai ya yanka nasa daidai wa daida, ya naɗe a takarda, ya sa masa suna Sunlight. Irin waɗannan kamfanoni su ne suke matse man gyaɗarmu da manjan kudu su yi sabulu da man shafa wa burodi, su dawo mana da wasu a cikin kwali mai suna, mu saya da tsada. Wahalar noma tamu, ribar suna tasu. Zamanin mulkin mallaka bai bai wa ɗan ƙasa sararin kafa irin waɗannan masana'antu ba, don haka ba laifinsa ba ne, amma giɓi ne da ya bar wa na baya su cike.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A 1955 rashin lafiya ta kama shi. Da ya ji jiki ya yi nauyi sai ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje, su kuma riƙe zumunci da taimakon talakawa. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Mu 'yan kasuwa mun sani, dukiyar Bahaushe sau da yawa tare da mai ita ake binne ta. Ana gama sadakar bakwai a raba gado, wannan ya ɗauki shago, wancan ya ɗauki mota, kafin shekara uku sunan ya ɓace a kasuwa. Shi kuwa ya yi dabarar mayar da sunan kamfani mai rajista tun yana da rai. Ɗansa Ahmadu ya riƙe har ya rasu a 1960, sannan Aminu ya karɓa. Sanusi ya shahara a harkar gyaɗa da sufuri har rasuwarsa a 1997. Mamuda ya kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda taƙaitaccen sunanta, Wapa, ya zama sunan kasuwar canjin kuɗi ta Fagge.

Gyaɗar ma kanta ta zo ta tafi. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, suka sa dala ta ɓace, har aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Amma sunan bai tafi da ita ba, domin 'ya'yan sun riga sun ɗora shi a kan gine-gine da sufuri da sauran harkoki, kamar kamfanin gina hanyoyi na Dantata and Sawoe. Alhaji Aminu ya rasu ranar 28 ga Yuni, 2025, aka binne shi a Madina. Giɓin nan kuma da na ambata, tattaɓa-kunnensa ne ya cike shi, wato Alhaji Aliko Ɗangote, ɗan Hajiya Mariya 'yar Sanusi Ɗantata. Ya fara da sayo kaya yana sayarwa kamar kakanninsa, daga baya ya kafa masana'antu ya buga sunansa a jikin buhun sukari da gishiri da siminti. Yau birkila a nan Bauchi ba siminti kawai yake cewa a sayo ba, har sunan yake faɗa.

Abin lura gare mu

'Yan uwa, ban kawo wannan tarihi don mu yi ta mamakin dukiyar wasu ba. Na kawo shi ne saboda abin da nake gani a tsakaninmu. Ni kaina na taɓa karɓar shinkafa daga hannun wani dila, ashe an sauya buhu an cakuɗa ta da tsohuwa. Ban bincika ba na sayar. Dilan ya ci ribarsa ya yi gaba, ni kuwa akwai gidajen da sai da suka shekara biyu ba su sake aiko yaro shagona ba. Tun daga ranar ba na sayar da abin da ban buɗe na gani ba.

Matasanmu da ke buga gindin mudu don ya rage ci, ko su zuba man gyaɗa gauraye a jarkar kamfani, su sani ribar yini ɗaya suke saye da sunan shekara ashirin. A zaman baƙunci kuma abin ya fi muni, domin in ɗaya ya yi, ba sunansa za a kira ba, dukanmu za a shafa wa. Iyayenmu mata da ƙannenmu masu ƙuli-ƙuli da yaji da dakuwa da zoɓo, da yawansu kayansu sun fi na kanti daɗi da tsabta, amma suna fita a farar leda ba suna. Wanda ya ci ya ji daɗi bai san inda zai koma ba. Ya kamata ƙungiya ta duba yadda za ta taimaka musu su zaɓi suna guda, su tsaya a kan awo guda da ɗanɗano guda, a buga 'yar takarda a liƙa, wanda ya yi ƙarfi kuma a raka shi ya yi rajistar sana'a ya nemi lambar hukumar NAFDAC. Mu kuma da muka fara manyanta, mu jawo 'ya'yanmu cikin lissafin shago tun muna da rai, mu rubuta wanda muke bi da wanda yake binmu, don kada suna ya mutu ranar da muka mutu.

Alhassan Ɗantata ya fara da asusu da sunan tsohuwar da ta raine shi. Babu wanda a cikinmu bai fi shi abin farawa ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Tata da ta yi tarbiyyarsa, ya gafarta wa iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu daga cin haram, ya zaunar da unguwarmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.